Me Ya Hana Leonardo Ƙarasa Aiki?

Leonardo da Vinci ya yi shekara 67 a duniya, amma zane-zanen fenti da masana suka amince nasa ne ba su kai ashirin ba, wasunsu ma a tsakiya ya watsar. Ga shi ba rago ba, domin ya cika dubban shafuka da rubutu da zane. To me ya riƙe masa hannu?

A 2019 Marco Catani na King's College da ke Landan da Paolo Mazzarello na Jami'ar Pavia suka kawo amsa a mujallar Brain: wataƙila yana da ADHD, larurar nan ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya. Kuma suna da madafa. Matteo Bandello, wanda ya gan shi yana zanen Jibin Ƙarshe a Milan, ya ce wata rana zai hau dandamali tun asuba har faɗuwar rana ko abinci bai tuna ba, sannan ya yi kwanaki bai taɓa burushi ba, sai dai ya tsaya yana kallon bango. Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu zane, kuma ya ruwaito cewa Fafaroma Leo na Goma ya ba shi aiki, sai ya fara da haɗa man da ake shafawa bayan an gama zane, har Fafaroman ya fidda rai.

Sai dai mu bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Ƙaton dokin tagullar da mai mulkin Milan, Ludovico Sforza, ya sa shi yi, ya gama siffarsa ta yumɓu a 1493. Yaƙi ya taso, a 1494 aka kwashe tagullar don ƙera igwa, a 1499 sojojin Faransa suka mai da dokin yumɓun abin gwada kibiya. Wannan ba laifinsa ba ne. Zanen Yaƙin Anghiari a Florence sabuwar dabarar fenti ya gwada, fentin ya ƙi kama bango. Binciken jikin ɗan Adam kuwa, abokin aikinsa Marcantonio della Torre annoba ta kashe shi a 1511.

Saura zanen masu hikimar gabas da sufayen San Donato suka ba shi a 1481, ya bar shi ya tafi Milan. Nan kam da hannunsa a ciki. Amma dubi yarjejeniyar: da kason gona za a biya shi, fenti daga aljihunsa, har da sadakin aurar da wata yarinya aka ɗora masa.

Jinkirin dai gaskiya ne, kuma na fahimci iyayen yara masu ADHD da ke son cewa ɗansu irin Leonardo ne. Yaron da aka saba kira mara ji yana buƙatar wanda zai ɗaga kai ya kalla. Amma likita ba ya yanke hukuncin ADHD sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, kuma sai ya zauna da mutumin. A nan zancen ya tsinke. Vasari, wanda aka fi dogara da shi kan ƙuruciyar Leonardo, bai cika shekara takwas ba lokacin da Leonardo ya rasu a 1519, littafinsa kuma sai 1550 ya fito. Takardun da aka rubuta Leonardo yana ƙarami, irin su bayanin haihuwarsa da kakansa Antonio ya yi a 1452 da takardar harajin da ta ambace shi yana ɗan shekara biyar, sunansa da shekarunsa da danginsa kawai suka faɗa. Catani da Mazzarello ma hasashe suka kira maganarsu.