Injin da Ake Gardama a Kansa a Jamus, Wata Rana a Magarya Zai Sauka

Duk lokacin da wani babban kamfani ya kusa sake fasalin motarsa ta gudu mai ƙofa huɗu, sai masu sha'awar motoci a Turai da Amurka su shiga hasashe. Wane inji za a sa mata? Za a bar mai fulogi takwas ɗin nan mai ruri, ko za a rage shi zuwa shida? Za a haɗa shi da batir, ko kuwa lantarki zalla za ta ci? Mutumin Magarya ko Dungas da ya ji wannan cacar baki yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Ni kuwa ina ganin da ruwansa, har ma ya fi wasu masu gardamar. Dabarar da aka fara gwadawa a motar attajirai ita ke gangarowa zuwa motar kowa da kowa, kuma motar kowa da kowa ta Turai ita ce take zama motar hayarmu bayan shekara goma sha biyar ko ashirin.

A duba inda hasashen baya ya ƙare. Mercedes-AMG C63 ta yi suna ne da inji mai fulogi takwas. A 2022 kamfanin ya fito da sabuwarta ɗauke da ƙaramin inji mai fulogi huɗu, lita 2, da turbo da injin lantarki a baya, jimlar ƙarfin doki 680. A takarda ta fi tsohuwar ƙarfi nesa ba kusa ba, amma nauyinta ya haura tan biyu, kuma masoyanta da yawa suka juya mata baya. BMW ta bi wata hanya da M5 a 2024: ta bar mai fulogi takwas, ta ƙara masa babban batir da ake cajinsa da wutar gida, motar ta kai wajen tan biyu da rabi. Game da M3 mai zuwa kuwa, kamfanin ya nuna cewa za a yi ta iri biyu, ta lantarki da ta mai.

Waɗannan ba su ne motocin da za su yi lodi a tashar Magarya ba. Waɗanda suka shafe mu kai tsaye su ne Honda Accord da Toyota Camry, da duk mai zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano ya san su. Accord ta ajiye injinta mai fulogi shida tun samfurin 2018, ta koma ƙananan injuna masu turbo. Camry samfurin 2025 da ake sayarwa a Amurka ba ta da inji sai mai haɗin fetur da batir. Wato tsohon injin nan mara rikici da bakanikenmu ya haddace kamar tafin hannunsa, an fara daina ƙera shi a ƙasashen da muke sayo gwanjonsu.

Doka ce ta kawo haka. Alal misali, Tarayyar Turai ta ɗora wa kamfanoni iyakar hayaƙi: daga 2021 zuwa 2024 matsakaicin abin da sababbin motocin kamfani ke fitarwa kada ya wuce giram 95 na iskar kabon a kowace kilomita, wanda ya yi daidai da shan fetur kamar lita 4 a kilomita 100. Kowane giram da aka haura, tarar Yuro 95 ce a kan kowace motar da aka sayar. Injin mai fulogi takwas ba zai iya wannan tsimi ba, don haka aka ƙanƙanta inji aka matsa masa lamba. Sauran labarin kuma tashar jiragen ruwa ce ke ba da shi. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da suka fita daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Namu kason ya daɗe yana biyowa ta Kwatano, kafin rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya karkatar da kaya ta Lome.

To, me ƙaramin inji mai turbo zai tarar idan ya iso Bande ko Wacha ko Dogo-Dogo?

Da farko zai tarar da man kwalba. Duk wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Tinkim ya ga teburan 'yan ruwa-ruwa: kwalabe jere a rana, jarkoki a ƙasa, mazurari da ɗan ƙyalle a bakinsa don tace datti. Yaro ya kife kwalba a tanki, iska ta kaɗo rairayi, ya goge bakin mazurarin da gefen rigarsa. Tsohon inji mai kafireta yana shanye wannan ba tare da ya yi tari ba, in ma ya toshe a kwance a busa a mayar. Sabon inji kuwa yana fesa mai ne kai tsaye cikin silinda, da matsin da ke kaiwa ma'aunin bar 200 zuwa 350, alhali tayar mota ba ta wuce biyu da rabi. Ramukan bakin fesawar sun yi sirantar da ido da ƙyar yake ganinsu. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ta isa ta cinye famfon, kuma famfon ba abin gyara ba ne, sai dai a sayo wani.

Matsalar ba ta tsaya ga tsabta ba, har da samuwar man. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a Nuwamba 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Duk da haka garuruwan bakin iyaka sun shekara da shekaru suna dogaro da man Najeriya mai rangwame. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, sai lissafi ya juye. A Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499, dala ɗari ba kaɗan, kowa ya koma gidan mai, kuma a Maris 2025 aka sha dogayen layuka a faɗin ƙasar. Direban da ya ga wannan ya san darajar injin da ba ya shan mai da yawa. Abin da nake tsoro shi ne ya sayi tsimin mai da kuɗin gyara ninki biyu.

Shi turbo ɗan ƙaramin fanka ne da hayaƙin salansa ke juyawa, shi kuma ya cusa iska cikin inji da ƙarfi. Yana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a cikin zafin da ke sa ƙarfe ya yi ja, kuma abin da ke raba sandarsa da mazauninta siririn shafen baƙin mai ne kawai. Yana son mai mai ruwa-ruwa irin wanda kamfani ya rubuta, a canza shi a kan lokaci. A nan kuwa baƙin mai na awo ake saye, mai kauri, wai don ya rufe ƙarar inji. Ga ƙurar hunturu da ke cika matatar iska cikin 'yan makonni, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga rairayin hanyoyin ƙauye da ke sa mota ta yi ta nishi a giya ta ɗaya da kaya har rufi ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari. A cikin duk zaɓin da ake gardama a kai, ƙaramin inji mai turbo shi ne mafi rashin dacewa da ƙasarmu, kuma shi ne zai fi yawa a gwanjo.

Ba na raina bakanikenmu. Na ga mai gyara ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya ce wa mai mota ringin silinda ta uku ne, kuma aka buɗe aka tarar haka. Wannan ilimi ne na gaske da aka tara a kan Peugeot 504 da tsofaffin Toyota. Sai dai sabon inji ba ya magana da kunne, da kwamfuta yake magana. Dabarun da suka yi aiki a da, irin su cire abin daidaita zafin ruwan lagireto, ko fasa tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa, a sabuwar mota rikita ƙwaƙwalwarta suke yi, ta ƙara shan mai, ta rage gudu da kanta.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, motar da ake wa kallon mai wuyar sha'ani ita ce nake ganin za ta fi jurewa a nan. Tsarin Toyota na haɗa fetur da batir, wanda ya fara da Prius a 1997, ba shi da turbo a Camry da Corolla, ba shi da kuloci, kuma ba ya neman wutar gida, domin injin da birki su ke cajin batirin. Ya yi shekaru yana aikin tasi a biranen duniya masu zafi. Rauninsa ɗaya sananne ne: batirin yana shan iska ta wata 'yar taga kusa da kujerar baya, kuma idan ƙura ko buhun fasinja ya toshe ta, zafi ya kashe shi. Tsabtace wannan taga aikin minti goma ne ga wanda aka nuna wa. Haɗarinsa kuma na rai ne, don wayoyin batirinsa masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, ba a taɓa su da hannun da ya saba da batir mai bolt 12.

Motar lantarki zalla da sauranta a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida, kuma muka ga yadda aka zauna cikin duhu da Najeriya ta yanke layi a Agusta 2023. In za ta shigo, ta babur da keke mai taya uku za ta fara, inda farantin hasken rana ya isa ya ciyar da batir, kamar yadda ya fara maye gurbin injin ban ruwa a wasu lambunan Korama.

Saboda haka makarantun koyon sana'a na jihar Damagaram suna da aiki a gabansu tun kafin motocin su cika tasha. Na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota da ake haɗawa da wayar salula ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma matashin da ya iya karatu zai koye ta cikin 'yan watanni. A haɗa shi da tsohon maigidan gareji a rumfa ɗaya, a ba su safar hannu ta aikin wuta, a kuma sa ƙungiyoyin direbobin Magarya da Dungas su riƙa tambayar dillali irin injin da ke cikin mota kafin su tambayi shekararta.