Abubuwan Ban Mamaki: Shekarun Ƙasa da Narkewar Dutse

Dutse yana narkewa. Ruwan sama ne yake lasarsa a hankali har ya koma ƙasar noma. Da wane sauri? A nan masana suke tuntuɓe.

In aka niƙa dutse a ɗakin gwaji aka zuba masa ruwa, narkewarsa takan ninka wadda ake gani a daji sau ɗari, wani lokaci har sau 100,000. A 2003, Art White da Susan Brantley na Amurka suka nuna cewa shekaru na cikin manyan dalilai. Sabon dutse da aka fasa yana da fuskoki masu saurin ci, ruwa yakan fara da su. Can sai yumɓu da tsatsar ƙarfe su lulluɓe abin da ya rage, aiki ya koma tafiyar hawainiya.

Saboda haka wanda ya raba abin da ƙasa ta rasa da yawan shekarunta, ya ce saurin ke nan, ya yi kuskure. Kamar magajin da ya cinye rabin gado a shekarar farko ne, sauran ya yi ta tsakura. Matsakaicin lissafi ba zai faɗa maka abin da yake ci bana ba.

Ma'adinai ma ba ɗaya suke ba. Ƙwayar kwaz mai faɗin milimita 1, wato irin farin tsakuwar da ke cikin yashi, an ƙiyasta za ta yi shekara miliyan 34 kafin ta narke a ruwa mai ɗan tsami. Ta ma'adinin anotayit kuwa, shekara 112 kacal.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Hawai. Tsibiran duk aman dutse ne ya haife su, ɗaya bayan ɗaya, don haka aka samu wuraren gwaji masu irin dutse ɗaya da ruwan sama kusan ɗaya, daga mai shekara 300 zuwa mai miliyan 4.1 a tsibirin Kawai. Tsohuwar ƙasar ta kusa ƙarar da sinadarin fosfaros ɗinta. Dajin da ke kanta yana samun nasa ne daga ƙurar da iska ke kwasowa daga Asiya, tafiyar kilomita sama da 6,000.

Haka ma ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, wadda ke toshe mana hanci a Kano, wani ɓangarenta yakan tsallaka Tekun Atlantika ya sauka a tsohuwar ƙasar dajin Amazon.