Matan Garin Da Ba Ya Cikin Taswira

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta tashi manoma daga wani kwari a jihar Tenesi, ta kewaye wurin da shinge, ta kafa gari mai suna Ok Rij. Ba a sa shi cikin taswira ba, kuma ba a shiga sai da takardar izini. Duk da haka, zuwa 1945 mazaunansa sun kai wajen 75,000.

Da yake maza sun tafi fagen fama, sai aka ɗebo dubban ƴan mata, yawancinsu ba su daɗe da gama sakandare ba. Albashi mai tsoka ne ga ɗiyar talaka, amma da sharaɗi guda: kame baki. Ana bincika wasiƙu, akwai ƴan rahoto cikin ma'aikata, mai sakin baki kuwa sai a sallame ta.

A masana'antar da ake kira Y-12, budurwa kan wuni bisa doguwar kujera, idonta kan allurar ma'auni, hannunta kan maɓalli. In allura ta karkata, ta maido ta. Iyakar abin da aka koya mata ke nan. Ƙarfin maganaɗisun injunan har yakan fizge ƙarfen maƙale gashi daga kanta. Ba ta san yuraniyom ake tacewa ba, wato irin ma'adinin da muka sani a Arlit, ko da yake nasu yawanci daga Kwango ya zo. Abin mamaki, da aka gwada su da masana masu manyan digiri, ƴan matan ne suka fi samar da kaya, domin su umarni kawai suke bi, masanan kuwa sai sun tsaya binciken dalili.

Ba kowace mace ta ci wannan gajiyar ba. Baƙaƙen mata shara da goge-goge aka fi ba su. Aka zaunar da su a bukkokin katako cikin wani shinge dabam, aka raba su da mazajensu na aure, aka hana su zuwa da ƴaƴansu.

Ranar 6 ga Agusta 1945 asiri ya tonu. An jefa bam a Hiroshima ta ƙasar Japan, kuma yuraniyom ɗin da ke cikinsa a Ok Rij aka tace shi. Zuwa ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum 140,000 sun halaka, har da mata da ƙananan yara. Wasu ma'aikatan sun yi murna don ƴan uwansu za su dawo gida, wasu kuwa jikinsu ya yi sanyi. Wata mai suna Gladys Owens sai bayan shekaru masu yawa, da ta ga hotonta a bango yayin ziyarar masana'antar, ta fahimci ainihin aikin injin da ta tsare.

Ba mu kawo labarin nan don mu yanke musu hukunci ba, domin an ɓoye musu gaskiya. Amma mu iyaye, in an zo wa ƴaƴanmu da aiki mai maiƙo wanda aka hana tambaya a kansa, ya kamata mu tuna da waɗannan mata. Kafin mu tambayi nawa ake biya, mu fara tambayar me ake ƙerawa, kuma a kan wa zai sauka.