Me ya sa gudawar yara ke ƙaruwa a lokacin hunturu?

Da zarar an gama kaka a yankin Funtua da Malumfashi, an kai masara rumbu, auduga ta tafi kasuwa, sai sanyin hunturu ya shigo tare da wata baƙuwa da iyaye mata suka sani sarai: amai da gudawar ƙananan yara.

Akasari akan ɗora laifin a kan fitar haƙori, a sayo Flagyl a kemis. To sai dai a wannan lokaci na shekara, mafi yawan irin wannan gudawa ƙwayoyin bairos ne ke haddasa ta, kuma magungunan kashe bakteriya ba sa yi musu komai.

Babba a cikinsu ita ce Rota, wadda wata masaniya mai suna Ruth Bishop ta gano tare da abokan aikinta a birnin Melbon na Ostareliya a 1973. Saɓanin kwalara da ta fi ɓarna da damina, ita Rota ta fi yaɗuwa a watannin sanyi da ƙura. Akwai kuma Noro da Adeno.

Likita ba zai iya bambanta su da ido ba, shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke jagorantar wani tsarin sa ido a zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da asibitin koyarwa na Enugu. Idan aka kwantar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar saboda gudawa, akan ɗebi bayan gidansa a gwada, wani ɓangare kuma a aika cibiyar Noguchi da ke Accra domin a gane nau'in ƙwayar.

An ƙiyasta cewa a 2013 Rota ta hallaka yara kimanin 215,000 a duniya, kuma kusan rabinsu a ƙasashe huɗu ne kawai: Indiya da Najeriya da Pakistan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo.

Duk da haka, sai a watan Agustan 2022 Najeriya ta shigar da rigakafin cikin jerin na yau da kullum, shekaru 13 bayan Hukumar ta ba da shawarar hakan. Ɗigawa ake yi a baki, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.

Ci gaba da gwajin ne zai nuna ko rigakafin na rage yawan yaran da ake kwantarwa, da kuma ko wata ƙwayar ta maye gurbin Rota. Matsalar ita ce ƙananan asibitocin karkara, inda akasarin yaran manoma ke fara zuwa, ba kasafai suke da kayan wannan gwaji ba.

Ko wace ƙwaya ce dai, ƙarewar ruwan jiki ne ke kisa. Shawarar likitoci ita ce a ba yaro ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayar da shi, a kuma garzaya asibiti idan idanunsa suka faɗa ko ya kasa sha.