Fiya-fiya ba ta bambance kuɗin cizo da ɗalibi

Da zarar zafi ya shigo, kuɗin cizo ya addabe mu a ɗakunan kwana na makaranta, abin da muke fara lalubowa shi ne 'yar kwalbar fiya-fiya. Mu yayyafa a katifa da ƙarƙashin gado, mu rufe tagogi, mu kwanta. Ƙwarin kan mutu kam, amma mu ma muna shaƙar namu rabon har gari ya waye.

Sinadarin da aka fi samu a fiya-fiya shi ne wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, irin na cikin Sniper. Aikinsa shi ne rikita saƙon da jijiyoyi ke aikawa a jikin ƙwaro har ya mutu, kuma jijiyoyin mutum ba su fi ƙarfinsa ba. Yana shiga ta hanci, da baki, har ma ta fata. Saboda haɗarinsa ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa na aikin gona a kasuwanni da kantuna a shekarar 2019. Tun kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa.

Ƙannenmu sun fi mu shiga haɗari. Jikinsu ƙarami ne, suna rarrafe a daɓen da aka fesa, kuma duk abin da suka tsinta baki suke kai wa. Yaron da ya ga ruwa a gorar lemo bai san guba ba ce, haka shinkafar ɓera da aka zuba a lungu.

Ko mazubin da maganin ya ƙare a ciki ba abin amincewa ba ne. A watan Yulin 2013, a wata firamare da ke jihar Bihar ta ƙasar Indiya, yara 23 suka rasu bayan cin abincin rana na makaranta. Bincike ya gano maganin ƙwari na gona a man da aka yi girkin da shi. Mu tuna da wannan duk lokacin da muka ga an wanke galan ɗin maganin feshi ana zuba man gyaɗa ko ruwan sha.

Akwai abin da za mu iya yi ba tare da guba ba. Mu riƙa shanya katifu a rana mai zafi, mu wanke zannuwan gado da ruwan zafi, mu toshe tsagar bango, mu kwana cikin gidan sauro. Mu rufe abinci, mu kwashe shara, domin su ke kiran kyankyaso da ɓera. Idan feshi ya zama dole, mu roƙi hukumar makaranta ta sa ƙwararru su yi shi lokacin hutu, a kuma buɗe tagogi iska ta ratsa kafin mu dawo. A gida kuwa, magani ya zauna a kwalbarsa ta asali, a kulle, nesa da abinci.

Idan muka ga wani yana dalalar da yawu, da zufa, da amai, ko numfashi na yi masa wuya bayan feshi, mu fitar da shi waje, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar, domin ita za ta nuna wa likita irin maganin da zai bayar.