Digirin Digirgir a Tarihi ko Harshe: Ina Ake Samo Kuɗin?

Hutun da ya wuce ban je ko'ina ba. Ina gida zaune a kan tabarma, iyafis a kunne, ina rubuta hirarrakin da Yayana ya ɗauko a waya. Shi malami ne a sashen darussan gama-gari na wata foli, irin malaman nan da ke koya mana Turanci da ilimin zama ɗan ƙasa, waɗanda wasunmu ke wa kallon masu cika mana jadawali. Yana digirinsa na uku a fannin tarihi, bincikensa kuma a kan sana'ar rini ne a ƙasar Kano: karofi, baba, masu bugu, da yadda turkuɗin Kura ke tafiya har Agadas wajen Buzaye.

Kafin wannan aiki, ni ma ina cikin masu cewa ai karatun tarihi ba ya cin kuɗi, tunda babu injin da za a saya, babu sinadari, littafi ne kawai da biro. Wata biyu da na yi ina taya shi suka sa na janye maganata. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, musamman don waɗanda ke da burin su wuce HND su kai ƙarshen boko a harshe, adabi, tarihi, addini ko falsafa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Na farko kuɗin makaranta ne, kuma duk shekara ake biya. A takarda, digiri na uku shekara 3 ne ga mai yin sa cikakken lokaci. A zahiri kuwa sai abin da Allah ya yi. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 kuma ya kai wata 9. Mai duba aikinka yana iya tafiya hutun shekara, ko babi ɗaya ya kwana wata uku a teburinsa saboda ɗalibai sun yi masa yawa. Duk shekarar da ta ƙaru, sai ka sake rajista.

Na biyu shi ne yawo. Takardun zamanin Turawa da Yaya ke nema suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasu suna Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu suna Gidan Ɗan Hausa a Kano, wasu kundayen kuma sai ya je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya. Mai bincike a kan Daular Usmaniyya ba makawa ya leƙa cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Ba a ba ka waɗannan takardu ka tafi da su gida. Dole ka zauna a garin kwana biyar ko goma, ka biya masauki, ka ci abinci, ka biya kuɗin kwafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama.

Na uku, hira da mutane. Ba ka zuwa gaban dattijo hannu rabbana. Akwai goro, akwai ɗan abin sabulu, akwai wanda zai raka ka ya gabatar da kai, shi ma sai ka sallame shi. Bayan an dawo kuma sai rubutawa. Ni dai hirar awa ɗaya tana cin mini awa biyar zuwa shida, don tsoho yana magana ƙasa-ƙasa, ga ƙarar masu bugu a bayansa. Da ba ni da ke yi masa kyauta ba, sai ya biya wani.

Na huɗu, jami'o'i da yawa ba sa barin ka kare kundi sai ka buga maƙala a mujallar ilimi ka kuma gabatar da takarda a taro. Mujallu da dama suna karɓar kuɗin tantancewa da na bugawa, taron ma da kuɗin rajistarsa. Daga nan sai buga kwafe-kwafen kundi mai shafi ɗaruruwa, a gyara, a sake bugawa, a ɗaure.

Asusun TETFund

Ga malamin makarantar gwamnati, babbar ƙofa ita ce TETFund. Asalinsa asusun harajin ilimi ne da aka kafa a 1993, aka sake masa doka da suna a 2011, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati: jami'o'i, foli-foli da kwalejojin ilimi. Kuɗinsa daga ribar kamfanoni ake cira. Da kashi 2 cikin 100 ne, aka ƙara zuwa 2.5, sannan ya kai 3 a 2023. Ku duba gine-ginen da ke harabar nan, za ku ga sunansa a jikin bango.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne asusun yana da kaso na musamman don tura malamai ƙaro karatu. Amma fa da sharuɗɗa. Sai ka kasance malami na dindindin, ba na wucin gadi ba. Ba kai za ka je Abuja da kanka ba, makarantarku ce za ta zaɓe ka ta tura sunanka. Karatun ya zama na cikakken lokaci, kuma ka sa hannu a yarjejeniya cewa in ka gama za ka dawo ka yi wa makarantar aiki na wasu shekaru. Kuɗin na shekarun da aka ƙayyade ne. In karatu ya zarce, sauran daga aljihunka. Kuma daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje, saboda faɗuwar darajar Naira da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa.

A nan ne malamin Hausa ko na tarihi da ke foli ke shan wahala ta daban. Kason da makaranta ke samu a shekara ba ya isar kowa, layi ake bi. Makarantar da aka kafa don injiniya da kimiyya kuwa, ba sai an faɗa maka wanda za ta fara turawa ba. Yaya sai da ya yi shekara biyu yana biyan komai daga albashinsa kafin layi ya zo kansa.

Akwai wasu ƙananan ƙofofi a cikin asusun da ya kamata malami ya sani: kuɗin halartar taron ilimi, tallafin ƙaramin bincike da ake nema ta hannun makaranta, da tallafin mayar da rubutu littafi. Babban tallafin bincike na ƙasa ma yana da ɓangaren ilimin zamantakewa da su tarihi da harshe, sai dai manyan malamai ne ke jagorantar nema. Dabara ita ce ka samu shiga cikin tawagar mai duba aikinka, ka yi naka yawon binciken a cikin nasa.

In kai ba malami ba ne fa?

Gaskiya a nan hanya ta ƙuntata. Lamunin NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 da ɗalibai irinmu aka fara shi, masu ND, HND, NCE da digirin farko. PTDF kuwa harkar man fetur da iskar gas ya sa a gaba, mai nazarin waƙoƙin Shata ba shi da wurin zama a can. Sauran hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi, kowace da yadda take yi, sai mutum ya je na jiharsu ya tambaya.

Daga waje akwai ƙofofi, amma gasa ce mai zafi. Ƙungiyar ƙasashe renon Ingila tana ba da gurbin digiri na uku, ana nema ta hukumar tallafin karatu ta tarayya. Tana da wani tsari kuma da za ka yi rajista a jami'ar gida, ka je Ingila har wata 12 ka yi amfani da ɗakunan karatunsu, ka dawo ka kammala. Shirin Fulbright na Amurka yana da makamancin haka na wata 9 ga matasan malamai masu rubuta kundi. Jamus tana da DAAD, kuma Jami'ar Bayreuth ta buɗe makarantar digiri na uku kan nazarin Afirka tun 2007. A Ibadan akwai cibiyar binciken Faransa, IFRA, wadda ke ba da ƙaramin tallafi na fita bincike. A Dakar akwai CODESRIA, da aka kafa a 1973, mai shirya horo kan dabarun bincike. Wanda aikinsa ya shafi rikici da zaman lafiya ya duba shirin SSRC na matasan masu bincike a Afirka. Akwai kuma wani shiri na ƙungiyar ACLS da gidauniyar Carnegie da aka fara a 2008 musamman don waɗannan fannoni a Najeriya, Gana, Tanzaniya, Yuganda da Afirka ta Kudu. Ya taimaki malamai da yawa, amma ya kammala wa'adinsa, kada wani ya ce maka ka kawo kuɗi ya cika maka fom ɗinsa.

Tunda na ambaci haka: duk waɗannan wurare ba sa karɓar kuɗin fom. Duk saƙon WhatsApp da ya ce ka tura dubu kaza a saka sunanka, damfara ce. Sharuɗɗa kuma suna canzawa shekara-shekara, don haka a shafin hukumar kanta ake dubawa.

Abin da suke nema kusan iri ɗaya ne: bayanin bincike a shafuka kaɗan cikin Turanci mai kyau, kasafin kuɗi dalla-dalla, da wasiƙun shaida daga malamai. Yaya ya nemi wani tallafi sau biyu bai samu ba. Da ya kai wa wata farfesa takardar, sai ta ce masa, "Malam, ka faɗa musu tarihin rini tun daga farko, amma ba ka faɗa musu tambayar da kake son amsawa ba." Ya zauna ya rage shafi uku na shimfiɗa, ya fito da tambaya ɗaya: me ya sa wasu karofi suka mutu wasu suka rayu bayan shigowar yadin kanti? Ya sake turawa, yanzu muna jiran amsa.

Abin da ya fi ci mini rai

Cikin muryoyin da na rubuta akwai ta wani tsoho marini, ya haura shekara 80. Ya yi bayanin yadda ake haɗa baba da toka, da yadda fatake ke zuwa sayen rawani a zamanin mahaifinsa. A ƙarshen hirar sai na ji yana cewa, "Ɗan nan, ka dawo bayan Sallah, zan nuna maka takardun bashin babana." Bayan Sallah albashi ya tafi a kuɗin makarantar yara da haya. Yaya ya ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen wata, sannan zuwa wani watan. Ranar da ya isa garin, an yi sadakar bakwai ɗin tsohon. Magada suka ce ba su san inda takardun suke ba.

Kuɗin motar da ya hana wannan tafiya bai kai abin da wasunmu ke kashewa a data a wata ba. In na'urar ɗakin gwaji ta makara, ana iya jiran ta. Tsofaffin da ke riƙe da tarihin sana'o'inmu kuwa kullum raguwa suke.

Taimakon da ba na kuɗi ba

Na lura ba kuɗi kaɗai ke tsayar da mutum ba. Yaya yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga makin jarrabawa, ga iyali. Da sashensu ya rage masa kwasa-kwasai na zango ɗaya, a wata huɗu ya rubuta babi biyu. Shi da abokansa uku masu irin wannan karatu suna haɗuwa duk ranar Asabar, kowa ya karanta shafukan ɗan uwansa, kuma sun kafa adashi, wanda zai fita bincike shi ke ɗauka. A Kaduna kuma wajen wani tsohon abokin karatunsa yake sauka, kuɗin masauki ya huta.

Mu ma da abin da za mu iya. Ɗalibin kwamfuta zai iya taya malaminsa tsara kundi da adana hirarraki a wuri biyu ko uku, don waya tana faɗawa ruwa. Na aikin jarida ya iya ɗaukar murya da hoto. Na sashen laburare ya san yadda ake tono maƙala a intanet. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su gayyato jami'in da ke kula da harkar TETFund a makarantar nan, tare da malamai biyu da suka gama nasu, su yi mana bayani ko na awa biyu ne.

Ga mai HND da ke da wannan buri, hanyar da aka saba ita ce difloma ta gaba da digiri, wato PGD, sannan digiri na biyu, sannan na uku. Ba kowane sashe ke karɓar wanda ya fito daga wani fanni ba, don haka ka je sashen da kake so ka tambaya tun kafin ka sayi fom. Ka riƙe makinka da kyau, don shi ake fara dubawa. Ka saba da malamai biyu ko uku da za su iya rubuta maka shaida su san abin da suke faɗa. Ka zaɓi batun da kayan bincikensa ke kusa da inda kake zaune ko inda kake da 'yan uwa. In kuma ka san tsohon da za ka yi hira da shi, ka je masa da wayarka a hutun nan, ko ba ka yi rajista ba tukuna.

Saura hira 11 ban rubuta ba. Yaya ya ce in ya kare kundin zai sa sunana a shafin godiya, na ce masa na gode, amma ya haɗa da kuɗin sabon iyafis.