Fita daga ƙungiya ba ta gyara 'yan siyasa: abin da ya faru a Birtaniya

Ranar 23 ga Yunin 2016 mutum miliyan 17.4 a Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai. Kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Ba duka ne dokokin Tarayyar suka dame su ba. Da yawa, musamman a garuruwan arewacin Ingila da Wales inda masana'antu da haƙar kwal suka daɗe da durƙushewa, haushin 'yan siyasarsu na Landan ne ya fito da su.

Haushin kuwa yana da tushe. A 2003 gwamnatin Tony Blair ta shiga yaƙin Iraƙi bisa zargin makaman ƙare dangi, aka je aka duba ba a same su ba. A 2009 jaridar Daily Telegraph ta tona yadda 'yan majalisa ke karɓar kuɗin jama'a da sunan alawus, har da wanda ya nemi a biya shi kuɗin ɗakin agwagi. Shugaban majalisar, Michael Martin, ya sauka, wasu 'yan majalisa suka sha ɗauri. Daga 2010 kuma aka shiga tsuke bakin aljihu, aka zabtare kuɗin ƙananan hukumomi, alhali jama'a na kallo aka ceto bankuna da kuɗin harajinsu. Mutumin da ya ga wannan duka, in ka ba shi ƙuri'ar da manyan jam'iyyu suka ce ya zaɓi zama, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi fita.

Masu kamfen ɗin ficewa sun yi alkawarin dawo da iko hannun jama'a. Sun rubuta a jikin jar bas cewa ƙasar na tura wa Tarayyar fam miliyan 350 duk mako, gara a zuba su a asibitoci, adadin da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce yana ɓatar da mutane. An fita ranar 31 ga Janairun 2020, iko ya dawo, sai dai hannun waɗanda ake kuka da su ya koma. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Boris Johnson, jagoran kamfen ɗin, ya zama firaminista, 'yan sanda suka ci shi tara a 2022 saboda karya dokar kullen korona da gwamnatinsa ta kafa, lokacin da talakawa ba sa iya zuwa ganin majinyatansu. Kwamitin majalisa ya tabbatar daga baya cewa da gangan ya yaudari majalisar. Liz Truss ta gaje shi, ba ta cika kwana 50 ba. Shige da fice da aka ce za a rage sai ma ya ƙaru: a 2023 waɗanda suka shiga ƙasar sun ɗara waɗanda suka fita da sama da 800,000, 'yan Indiya da 'yan Najeriya na kan gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne wuraren da ba a taɓa ba. Har yau ba jama'a ke zaɓen 'yan majalisar dattawa ba, firaminista na iya naɗa na hannun damansa. Tsarin zaɓen ma yana nan yadda yake: a 2024 jam'iyyar Labour ta samu kujeru sama da 400 cikin 650 da kusan kashi 34 na ƙuri'u, kuma kusan mutum huɗu cikin goma ba su fita zaɓen ba. Tarayyar Turai ba ta taɓa hana a gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amfanin ficewar da ba a musu shi ne yanzu minista ba shi da wanda zai ɗora wa laifi a waje.

Zancen bai yi mana nisa ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Duk wanda ya ga yadda takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023 ya rufe iyaka, ya yanke wuta, ya raba Maraɗi da Katsina, ya san fushin mutanen Nijar na gaskiya ne, kuma yanayinsu ya bambanta da na Birtaniya. Amma a watan Maris na 2025 aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a matsayin shugaban Nijar na wa'adin shekara biyar ba tare da zaɓe ba, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Talakan da ya yi murnar fita yana da haƙƙin sanin ta wace hanya zai tuhumi mai mulki in ya kauce.

Don haka, mai karatu, duk wanda ya zo maka da kiran a fice daga wata ƙungiya, ka saurare shi, mai yiwuwa yana da hujja. Amma kafin ka mara masa baya, ya faɗa maka wa zai binciki baitulmali, wace kotu ce za ta iya taka masa birki, kuma yaushe za ka samu damar sauke shi da ƙuri'arka.